Emeter na watt 300 zai kai Keita da Illela? Amsa ga ƙanena mai shirin buɗe rediyon gari

Ƙanena sannu da ƙoƙari, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce ƙungiyarku na son buɗe rediyon gari nan gefen Tawa, mai saida kayan ya ce maku emeter (injin da ke watsa sinyal) na watt 300 da pilon (dogon ƙarfen da ake ɗaura ma anten) na mita 30 za su kai kilomita 100, wai Keita da Illela da Buza duk za su ji ku tas, kuma kana tambaya ko akwai wani lojisiyel da mutum zai sa ma ordinater shi gani da idonshi kafin ku zuba kuɗin jama'a. Akwai, kyauta ma. Amma bari in fara da kilomita ɗarin nan, don in ba ka gane mi ya sa ba za ta yiwu ba, lojisiyel ɗin ma ruɗa ka zai yi.

FM, wato daga 87.5 zuwa 108 MHz, ba kamar gajeren zango ba ne da ke hawa sama shi bugi sararin samaniya shi dawo wata ƙasa. Shi FM kusan kamar hasken fitila yake, inda ido ya kai nan yake kaiwa, sai ɗan lanƙwasa kaɗan da iska ke yi mashi. Duniya kau ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tana da doro. Tsakanin ku da wanda ke kilomita 100, doron ƙasa kaɗai ya kai kusan mita 150 a tsakiyar hanya, ko da babu dutsi ko ɗaya, ku kuma pilon ɗinku mita 30 ne. Lissafin da muke yi da ka shi ne: ka ɗauki tushen murabba'in tsawon anten da mita, ka ninka da 4.12, shi ke ba ka kilomita. Mita 30 tushenta 5.5, sau 4.12 kusan kilomita 23 ke nan. Mai saurare da rediyonshi a hannu, ka ce mita 2 daga ƙasa, ya ƙara maka kilomita 6. Jimla 28 ko 29. Bayan nan sinyal ba ya mutuwa nan take, yana gangarawa bayan doron, amma raguwarshi da sauri take.

To ga abin da masu saida kaya ba su faɗi. Bisa ƙasa irin tamu, in ka ninka watt sau biyu, nisa ba ya ninkuwa, abin da yake ƙaruwa bai wuce kashi 19 cikin 100 ba. Wanda ke kai kilomita 25 da watt 300, in ya sayi 600 zai kai 29 ko 30, shi ke nan, ga kuɗin kuran, ga batir da panno da za a ƙara. In kana son nisa shi ninku da ƙarfin emeter kawai, sai ka ninka shi sau 16, wato daga 300 ka koma kusan watt dubu biyar. Amma in tsawon anten ka ninka, daga mita 30 zuwa 60, daidai yake da ka ninka watt sau huɗu. Shi ya sa ni duk wanda ya zo min da maganar watt, nakan ce mashi mu fara maganar tudu tukuna. Kuma nan Adar Allah ya hore mana tudu da duwatsu, abin da ke hana sinyal wucewa shi ne kuma abin da zai ɗaga maka anten kyauta in ka san inda za ka kafa.

Lojisiyel ɗin da nike aiki da shi tun da daɗewa sunanshi Radio Mobile. Wani ɗan Kanada mai sha'awar rediyo, Roger Coudé, shi ya rubuta shi ya bar ma duniya kyauta, kuma da yake mutumin Kebek ne akwai shi da Faransanci, wanga ya sauƙaƙe mana. Na Windows ne, tsohon ordinater ma na ɗaukarshi, kuma akwai wanda ake yi kai tsaye bisa intanet in ka buɗe kont. Masu Linux suna da SPLAT!, shi sai da rubuta umarni, ba shi da daɗin kallo amma aikinshi ɗaya. Akwai CloudRF na kuɗi. Ni dai na ce ka fara da Radio Mobile wanda ake sa ma ordinater, don in ka sauke taswirar sau ɗaya ba ka sake buƙatar konekshon, ka san halin reso da an fita gari.

Abin da ke cikinshi biyu ne. Na farko lissafi ne da ake kira Longley-Rice, sunan Anita Longley da Phil Rice, ma'aikatan gwamnatin Amurka da sunka fitar da shi a 1968, yana aiki daga 20 MHz har 20 GHz. Na biyu taswirar tsawon ƙasa, SRTM, wadda kumbon Endeavour ya auna da radar cikin kwana 11 a watan Fabrairu na 2000. Iri biyu ce, akwai mai awo duk mita 90, akwai mai duk mita 30. Ka nemi ta mita 30, don kwarurrukan Adar wasu ƙanana ne, ta 90 takan shafe su ta mai da gangare kamar fili. Aikin lojisiyel shi ne shi ja layi daga antenka zuwa kowane gefe, shi dubi kowane tudu da kwari da ke bisa layin, shi lissafa nawa sinyal zai rasa, sa'annan shi shafa launi bisa taswira. Ja inda ke da ƙarfi, kore matsakaici, haka har inda babu. Kana iya fitar da hoton ka ɗora bisa Google Earth ka ga ƙauyuka da sunayensu.

Sai dai fa ba boka ba ne. Abin da ka zuba mashi shi zai dafa maka, kuma ko ƙarya ka ba shi zai zana ta da launi mai kyau.

Wurin pilon tukuna. Ka je ka tsaya daidai inda za a kafa, ka ɗauki lambobin GPS da salula, kada ka ɗauki na tsakiyar gari. Tawa tana wajen 14.89 arewa, 5.27 gabas. Ka kula da gabas ɗin nan, in ka kuskure ka sa yamma tasharka ta koma Mali kana zaune. Kuma 5.27 daban, digiri 5 da minti 27 daban, tsakaninsu kusan kilomita 19 ne, na ga wanda ya yi wanga kuskure ya kwana yana murna da taswirar wani wuri. Tsawon anten kuma ba tsawon pilon ba ne, tsakiyar jerin dipol ɗin, wato sandunan anten da ke fidda sinyal, ake aunawa. Dipol huɗu jere suna cin wajen mita 8 zuwa 9, ke nan pilon na 30 tsakiyar antenshi ta sauko 25 ko 26.

Sai ƙarfi, nan ne mutane ke yawan cutar kansu. Watt 300 da ke rubuce gaban emeter ba shi ke fita iska ba. Abin da ke fita shi ake kira PAR, masu Ingilishi na cewa ERP, kuma ana samun shi ne in an cire asarar kabul an ƙara ribar anten. Kabul RG-213 da ake yawan kawo mana yana cinye kusan desibel 7 (desibel shi ne awon asara ko ribar sinyal) duk mita 100 a firikans ɗin FM. Mita 40, daga ɗakin emeter har sama, desibel 2.7 ke nan, ka ƙara na konekter ya zama 3, desibel 3 kau rabin ƙarfi ne cif. Wato cikin watt 300 ɗinku, 150 sun tafi ɗumama waya cikin zafin Afrilu. Kabul mai kauri na rabin inci, mai bawon tagulla, asararshi ba ta wuce desibel 2 da ɗan wani abu ba duk mita 100, a mita 40 bai kai 1 ba. Dipol huɗu jere na ba da riba wajen desibel 6, ba wai suna ƙirƙiro ƙarfi ba, a'a suna matse wanda da zai tafi sama banza su kwantar da shi gefe. Da RG-213 PAR ɗinku wajen watt 600, da na rabin inci wajen 900. Emeter ɗaya, pilon ɗaya. Kuma ka dubi takardar anten da kyau, awon ribar anten iri biyu ne, dBi da dBd, in dBi anka rubuta, ka cire 2.15 kafin ka samu dBd, masu ƙera kaya sun fi son rubuta dBi don lambar ta fi girma. In anten mai zagaye ce, wadda ke raba sinyal tsaye da kwance, huɗu ɗin riba tasu wajen desibel 3 ce ba 6 ba. Ka lura ko dBi ko dBd lojisiyel ke tambaya kafin ka cika.

Akwai shafin yanayi da ƙasa, wanda mafi yawa ke tsallakewa. Yana zuwa da saitin ƙasashen sanyi, lambar lanƙwasar iska 301, ƙasa matsakaiciya. Cikin jerin yanayin Longley-Rice akwai na hamada mai lamba 280, akwai na yankin Sudan mai 320, mu muna tsakanin biyun, da rani muna hamada, da damina iska ta yi laima muna ɗaya gefen. Ni nakan gudanar da duka biyu in riƙe wanda ya fi muni. Ƙasa kuma in sa mata lambobin busasshiyar ƙasa, wato 4 da 0.001. Gaskiya a FM wagga ba ta canza abu da yawa kamar yadda take yi a matsakaicin zango, kada ka ɓata dare a kanta. Wanda ya fi muhimmanci shi ne kashi-kashin nan na lokaci da wuri. In ka bar su 50 da 50, ma'anarta a bakin iyakar launin nan rabin wurare ne ke samu, rabin lokaci. Ka ɗauki zaɓin masu watsa shirye-shirye, ka ɗaga lokaci zuwa 90, wuri zuwa 70 ko sama, za ka ga taswirar ta tsuke, kada ranka shi ɓaci, wannan ce ta fi kusa da gaskiya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, wato wa ke saurare kuma da mi. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta tsaida ma'auni cikin shawararta mai lamba BS.412. A karkara ana son sinyal shi kai 48 dBµV/m (awon ƙarfin sinyal a wurin mai saurare) in mono ne, 54 in siteriyo ne, cikin gari 60 da 66, manyan birane 70 da 74. Amma awon nan duk a mita 10 daga ƙasa ake yin shi, kamar mai anten bisa rufin bene. Wa ke da wannan a Kalfu ko Bambay? Mai sauraronku tsoho ne a gindin bedi da ƙaramin rediyo mai pil, an ɗaure ƙarfen anten da zare, ko yarinya cikin ɗakin laka mai rufin tol da ƴar itel, wayar kunne ita ce anten ɗinta. Saukowa daga mita 10 zuwa mita ɗaya da rabi na iya cin desibel 10 zuwa 15, bango da tol su ci nasu. Don haka taswira biyu nike yi kullum, ɗaya mai karɓa a mita 10 don takardun hukuma, ɗaya a mita 1.5 ko 2 don kaina, kuma ta biyun nike nuna ma kwamiti.

Ban koyi wannan a littafi ba, kunya ce ta koya min. Farkon fara aikina da lojisiyel ɗin nan na yi ma wata rediyon gari taswira, na bar mai karɓa a mita 10, na sa ribar anten da dBi inda ake son dBd, kashi-kashi duk 50. Taswira ta fito kore shar har bayan duwatsu, munka buga ta da launi anka manna a bangon situdiyo. Akwai wani ƙauye cikin kwari, bai fi kilomita 18 ba, mutanen sun ba da gudummawa, hatsi da kuɗi, don an ce masu suna ciki. Ranar buɗewa anka yi ta gaishe su a iska da sunan unguwa-unguwa. Kwana uku sai ga ɗan aike bisa moto, wai maigari na gaisuwa, yana tambaya yaushe za a fara. Munka tafi da rediyo a hannu. Bisa fako kafin a gangara ana ji kamar mai magana na gabanka, da munka fara sauka sai shuuu ta fara shiga, kafin mu kai rijiyar gari babu komi sai ƙara. Maigari bai yi faɗa ba, ya sa anka kawo mana fura, ya ce "to Malam, ku da kunka sani, mu hau dutsi ke nan duk safiya mu ji sanarwar rasuwa?" Jama'a sunka yi dariya, ni ko furar ba ta wuce min ba. Da na koma na gyara lambobin, na sauke taswirar mita 30, sai ga kwarin ya fito fari fat, babu launi ko ɗigo. Lojisiyel ɗin ya sani tun farko, ni ne ban tambaye shi daidai ba. Wani ƙauyen kau da ke kilomita 40 bisa tudu yana jin mu lafiya lau, ba su ba da ko dala ba.

Shi ya sa tambayar "kilomita nawa zai kai" ni ba na son ta. Sinyal ba da'ira yake yi ba kamar an zana da kwano, a Adar kamar yagaggen zane yake fitowa, nan ya miƙe, can ya yanke. Tambayar da ta dace ita ce: ƙauye kaza zai ji? Ka rubuta sunayen garuruwan da kuke so, ka sa kowane a matsayin tasha cikin Radio Mobile, ka buɗe hoton da ke nuna yankan ƙasa tsakanin pilon da garin. Nan za ka ga dutsin da ya tare, da tsawonshi, da nisanshi daga gare ku. Sa'annan ka fara wasa da shi, ka ɗaga anten zuwa 45, ka matsar da pilon bisa tudun da ke bayan gari, ka canza kabul, kana kallon wane ƙauye ya shigo wane ya fita. Wannan shi ne amfanin lojisiyel na gaskiya, gwada wurare goma cikin dare ɗaya ba ka haƙa rami ko ɗaya ba.

In ka matsa min in faɗi lamba ba tare da na ga wurin ba, da kayan da ka lissafa, bisa fili, ka sa ran kilomita 20 zuwa 30 na ji mai kyau da ƙaramin rediyo a waje, cikin ɗaki ƙasa da haka. Rediyon mota ya fi kunne, yana iya riƙe ku har 50 ko fiye, kuma da shi ne masu saida kaya ke yin gwaji su ce ka ji ko. Illela na wajen kilomita 50 kudu da Tawa a miƙe, Keita ta haura 50 ta gabas kuma cikin kwari take da duwatsu a tsakani, Buza ta fi su nisa duka. Kada ku yi ma mutanen garuruwan nan alkawari.

In taswira ta nuna tudu ne mafita, situdiyo na iya zama cikin gari, emeter shi hau tudu, a haɗa su da ƙananan anten na 5 GHz irin na wifi. Nan ma Radio Mobile na aiki, kuma nan ya fi gaskiya ma. Sai dai ganin juna kawai bai isa ba, sinyal na buƙatar fili kewaye da layin, wanda ake kira yankin Fresnel, a kilomita 10 faɗinshi a tsakiya wajen mita 12 ne daga layi, ana son aƙalla kashi 60 cikin 100 shi zama babu komi, wato mita 7 sama da kan itace ko gini. Kuma tudu na da nashi kuɗi, gadi, panno, batir, da maganin tsawa, wanda in ba a yi shi da kyau ba damina ɗaya ta isa.

Akwai abubuwan da taswira ba ta sani ba sam. SRTM hoton shekarar 2000 ne, duk benen da anka gina bayan nan babu shi. Ba ta san emeter na rage ƙarfi da kanshi in ɗaki ya yi zafi ba, kuma ka san Afrilu da Mayu nan sama da digiri 40 ne, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ba ta san ruwa ya shiga konekter ba har ROS, wato awon ƙarfin da ke komowa baya daga anten zuwa emeter, ya hau. Ba ta san wata tasha na kusa da firikans ɗinku ba, wanda ke damun na gefen Konni saboda tashoshin Najeriya. Sannan akwai safiyar sanyi da iska ke yin hawa-hawa, mai ɗumi bisa mai sanyi, sinyal shi bi tsakani shi yi nisan da bai saba ba, sai wani ya kira daga wuri mai nisa ya ce yana jin ku, kafin hantsi ya ɓace. Ku gode mashi, amma kada ku sa garinsu cikin takardar neman talla.

Bayan an kunna, a auna, gani ya kori ji. Ba sai da na'ura mai tsada ba. Ka ɗauki ƙaramin rediyo irin na mutanen gari da ƴar salula mai FM, ka hau moto ka bi hanyoyi huɗu, ta Konni, ta Keita, ta Abalak, da wadda ta yi yamma, duk kilomita 5 ka tsaya ka kashe moto, ka rubuta GPS da yadda ji yake, tas, da ƴar ƙara, ko babu. Ka shiga ɗaki ɗaya ko biyu da izinin masu gida ka gwada ciki. In kana da ɗan makullin nan RTL-SDR da ake soka ma ordinater, ya fi, zai ba ka lamba, ko da ba cikakken awo ba ne yana nuna bambancin wuri da wuri. Ka dawo ka ɗora bisa taswira. In ko'ina abin da ka ji ya gaza na lojisiyel da kusan adadi ɗaya, matsalar na gidanku, kabul ko anten ko emeter. In gefe ɗaya ne kawai ya gaza, ka dubi wane gefen pilon anka ɗaure dipol, don ƙarfen pilon na tura sinyal gaba shi rage na baya.

Maganar takardu a gajarce: firikans da iyakar ƙarfi hukuma ke ba da su daga Yamai, ba ku ke zaɓe ba, kuma ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar, na sa ido kan wanda ya wuce gona da iri. Daga 108 MHz zuwa sama na jiragen sama ne, Tawa kau na da filin jirgi, don haka emeter maras tace mai kyau ko dogon pilon kusa da filin ba abin wasa ba ne, ku tambaya kafin ku zuba siminti. Rediyon gari ba baƙon abu ba ne a Nijar, tun ta Bankilare a 1999 ake yi, ku je ku zauna da teknisiyen na wadda ta fi kusa da ku, ku tambaye shi ina da ina ake jin su da gaske.

Ka turo min GPS na wurare biyu ko uku da kuke tunani, har da tudun da ya fi kowane tsawo kusa da ku ko da kuna ganin ya yi nisa, da sunayen ƙauyukan da dole su ji, da hoton takardar anten. Zan gudanar maka da shi ranar Lahadi in Allah ya kai mu, in turo taswira biyun. Kafin nan kada ku ba da avans, kuma ka koma wurin mai kayan ka tambaye shi wane irin kabul ya sa cikin kuɗin, da mita nawa. Ka gaida mutanen kwamiti.